Gidan baƙin da muka sauka a Nima, mu biyar a ɗaki ɗaya

Duk ɗalibin da ke shirin zuwa Akra, babban birnin Gana, shi da abokansa, aljihu kuma babu nauyi, shawarata ita ce ya nemi masauki a cikin unguwar Nima ko Mamobi, kada hotunan otal-otal ɗin unguwar Osu da yake gani a waya su ɗauke masa hankali. Mu biyar muka taso daga Kano bayan an gama jarrabawa, muka sauka a wani ƙaramin gidan baƙi da ke bayan kasuwar Nima. Ba shi da shafi a intanet, allon ƙofarsa ma rana ta cinye rubutun. Ta bakin mutane ake saninsa. Mu kawun ɗaya daga cikinmu, wanda ya daɗe yana fataucin goro tsakanin Kumasi da Kano, shi ya haɗa mu da dattijon da ke kula da gidan, wanda kowa a layin ke kira Baba.

Tafiyar ba ta buƙatar biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin da Togo da Gana ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da fasfo da katin allurar zazzaɓin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Bas ɗin dare muka bi zuwa Legas, daga tashar Mile 2 kuma muka kama hanyar gaɓar teku, muka ratsa iyakar Seme da ta Hilakonji da ta Aflao. Tsakanin Legas da Akra bai kai kilomita 500 ba, amma tsaye-tsayen iyaka da sauyin mota sun cinye mana yinin gaba ɗaya. Dare ya yi nisa kafin mu shiga Nima, muka tarar Baba na zaune a kan benci a ƙofar gida da tocila a hannu, bai kwanta ba saboda mu. Bai nemi ko sisi a daren ba. Cewa ya yi, “Samari, ku yi salla ku kwanta, maganar kuɗi sai da safe.” Shi ne kuma ya tuna mana mu mayar da agogo baya da awa ɗaya, don lokacin Gana yana bayan na Najeriya.

Abin da ya fara sa na yaba da gidan shi ne an yarda mu kwana wuri ɗaya. Wuraren da muka tuntuɓa ta waya kafin mu taso, duk mutum biyu suke ba ɗaki, ka ga mu biyar sai mun kama ɗaki uku ke nan, kuɗinmu kuwa ba zai ɗauki haka ba. A nan ɗaki ɗaya babba aka ba mu, da gado guda, Baba ya sa aka shigo da katifu uku aka shimfiɗa a ƙasa ba tare da an ƙara mana kuɗi ba. Da muka raba kuɗin ɗakin biyar, kason kowa a dare bai wuce kuɗin faranti biyu na wake da shinkafa da nama ba.

Ɗakin ba shi da ado, amma an share shi tas. Leda ce a ƙasa, fanka ɗaya a sama, taga ɗaya mai raga, sai ƙusoshi a jikin bango na rataye kaya. Zannuwan gadon sun tsufa amma wankakku ne, ana jin ƙamshin sabulu a jikinsu. Akwai buta biyu a bakin ƙofa, akwai dardumar salla a ninke a kan taga, an kuma ja wata 'yar kibiya da fenti a bango tana nuna alƙibla. Wannan kibiyar ta faranta mini rai ƙwarai, domin ta nuna mai gidan ya san irin baƙin da yake sauka kuma ya yi tunaninsu tun kafin su zo. Wurin jona caja guda biyu ne kawai, mu kuwa waya biyar da kwamfuta ɗaya. Bakinsa irin namu ne na gida mai ƙafa uku, don haka duk mai zuwa ya jefa abin jona caja mai baki da yawa a jakarsa, ya huta da rigimar wa zai fara.

Sai dai gaskiyar magana, ba a kuɗin ɗakin muka fi samun sauƙi ba. A abinci ne. Kana fitowa daga gidan da sassafe za ka tarar da mai koko da ƙosai a bakin layi. Kokon nasu ya fi namu na Kano yaji, citta da kanumfari da barkono sun kama shi sosai, kofi ɗaya da ƙosai kaɗan sai ya riƙe ka har azahar. Gaba kaɗan akwai wata Hajiya mai wake da shinkafa irin na Gana, wanda ake dafawa da karan dafi har ya yi ja-ja. Tana zuba shi a cikin ɗanyen ganye mai faɗi, ta ɗora garin kwaki da ta jiƙa da mai, da taliya, da dafaffen ƙwai, da ganda, sannan ta kawo baƙin yajin nan nasu da ake kira shito, mai kifi da jatan lande, ta ɗiga a gefe. Ranar farko da ta ji harshenmu sai ta tsayar da ludayi ta ce, “'Ya'yana, daga ina?” Muka ce daga Kano, Hajiya. Ta ce kakanta ma daga can ya zo, ta ƙara wa kowa nama. Daga ranar ba mu sake zuwa wurin wata ba. Layinta dogo ne, kuma kafin rana ta take tukunyar ta ƙare, saboda haka sammako ake yi mata. Da rana akwai tuwon zafi da miyar lalo, da yamma akwai burkina mai sanyi, wato gero da nono, da dare kuma masu tsire sun jeru a bakin titi.

Ga wani sauƙin da ba a lissafa shi da kuɗi: a Nima ba sai ka tsaya tambayar wane irin nama ne ko wa ya yanka ba. A wasu unguwannin Akra ana sayar da naman alade a fili, dole musulmi ya yi tambaya kafin ya ci. A nan kuwa da Hausa za ka yi ciniki, masallaci na kowane lungu, hankalinka kwance. Baba ya kuma bar mu mu yi amfani da kurfotin da ke tsakar gida, muka riƙa dafa shayi da taliya da dare, muna haɗawa da ƙuli-ƙuli da dabinon da muka taho da su. Otal ɗin da ya fi wannan tsada sau da yawa ba zai bari ka hura gawayi a harabarsa ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma na farkonsu ya ɓata mini rai sosai. Mitar wutar gidan irin wadda ake sa wa kati ce, kuma ba a gaya mana tun farko cewa kuɗin wuta ba ya cikin kuɗin ɗaki ba. Cikin wani dare fanka ta tsaya, muka ɗauka ɗauke wuta aka yi, sai da safe aka ce katin ne ya ƙare, sai mun kawo namu kason. Kuɗin ba su da yawa, amma ɗalibin da ya ƙididdige kowane sidi, wato kuɗin Gana, kafin ya baro gida, ƙaramin abu irin wannan yana taɓa lissafinsa. Na yi wa Baba magana, ya ce ai haka aka saba da fatake, kowa ya sani. Na ce Baba, mu ba mu sani ba, kuma da an faɗa mana da mun shirya. Ya karɓi maganar, amma kuɗin dai mun biya. Rasit ma ba a bayarwa, komai da baki ne.

Na biyu ruwa. Tanki ake cikawa, kuma banɗaki ɗaya ne ga jerin ɗakunan da muke. Wanda ya makara da safe zai tarar famfo na ɗiga, sai ya jira ko ya sayi bokiti a waje. Mun koyi tara ruwa tun dare. Sakatar ƙofar banɗakin ma ta saki, da ƙyar take kamawa. Saboda wannan kaɗai, idan ɗalibai mata ne za su yi tafiyar, ba zan tura su wannan ɓangaren gidan ba sai in za a ba su ɗaki mai banɗaki a ciki. Sai zafi, wanda fanka ɗaya ba ta iya masa idan mutum biyar na numfashi a ɗaki, da sauro, musamman bayan an yi ruwa kwatocin unguwar sun cika. Hayaniya kuwa ba laifin gidan ba ce. Nima ba ta barci da wuri, babura da kiɗan biki da masu hira a bakin titi suna kaiwa tsakar dare. Biyu daga cikinmu ba su damu ba, ni kam sai da na saba.

Gidan yana da dokoki. Ba a shigo da baƙuwa ɗaki, ba a shigo da giya, ana rufe ƙofa idan dare ya raba, da asuba kuma Baba na bi yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Mu hakan ya yi mana daidai, iyayenmu ma da suka ji sai hankalinsu ya kwanta. Wanda ya je Akra don yawon dare, ba wurinsa ba ne.

Wajen zirga-zirga ma zaman Nima ya rage mana kashe kuɗi. A ƙafa muka je sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, mai hasumiya huɗu da ƙubbobi irin na masallatan Istanbul. Sauran wurare kuwa ƙananan bas ɗin haya da suke kira trotro muka riƙa hawa. Baba ya ɗauki takarda ya rubuta mana inda za mu hau da inda za mu sauka da abin da yaron mota zai karɓa, don kada a ga baƙi a ƙara. Da wannan takardar muka je kasuwar Makola, muka je Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka kafa a 1948, muka tsaya a gaban ɗakin karatu na Balme muna kwatanta shi da namu. Muka je wurin tunawa da Kwame Nkrumah da aka gyara aka sake buɗewa a 2023, inda kabarinsa yake tare da na matarsa Fathia 'yar Masar.

Baba ne kuma ya hana mu kwana a Cape Coast, garin bakin teku mai tsohon gidan bayi da muka so mu ziyarta. Ya ce mu fita bayan sallar asuba mu kama mota a tashar Kaneshie, mu dawo a ranar, kayanmu na ɗaki, kada mu biya kuɗin kwana wuri biyu. Ya ce kowa ya riƙe katinsa na makaranta, domin a gidajen tarihin ana yi wa ɗalibi ragi. Haka aka yi. Mun shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa na gidan bayin Cape Coast, inda ake tara mutane cikin duhu kafin a fitar da su ta ƙofar da ke kallon teku, muka wuce gidan bayin Elmina wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. A motar dawowa babu wanda ya yi wata doguwar magana a cikinmu. Na karanta labarin cinikin bayi a aji, amma tsayuwa a ɗakin nan da jin warin danshinsa wani abu ne dabam, kuma shi kaɗai ya isa dalilin tafiyar.

Maganar kuɗi tsakanin abokai ita ma sai an yi hattara. Asusu ɗaya muka yi, muka ba mutum ɗaya riƙo, ɗaki da mota da abincin safe duk daga ciki, tsaraba kuwa kowa da aljihunsa. Duk da haka an samu saɓani ranar da wasu suka gaji suka ce a kira tasi ta manhajar Bolt, wasu suka ce trotro aka yi alkawari. A ɗaki ɗaya babu inda mai fushi zai je. Tsakar gidan ce ta taimaka, akwai benci a ƙarƙashin rumfa, mutum ya fita ya sha iska ya huce. Canjin kuɗi kuwa a cikin unguwar muka yi, wurin wani ɗan canji da Baba ya raka mu. Abu ɗaya da za a kula da shi: tun 2007 Gana ta cire sifiri huɗu daga sidi, amma wasu tsofaffi a kasuwa har yanzu da tsohon lissafi suke faɗin farashi, sai ka ji an ambaci dubbai a kan abin da bai kai haka ba. Ka sake tambaya kafin ka miƙa kuɗi ko ka juya.

Zan koma gidan in Allah ya sake kai ni, kuma zan tura ƙannena maza. Irinsa ba ɗaya ba ne a Nima da Mamobi da Sabon Zango, kuma hanyar samunsu ita ce ta dangi, ko fatake, ko limamin masallacin unguwa, tun kafin a baro gida. Kafin ku ajiye jaka ku tambayi maganar wuta da ruwa, a faɗi jimillar kuɗin a gaban mutum biyu. Ku nemi ɗakin da ke can ciki nesa da ƙofar titi, ku taho da gidan sauro da makullinku na kwaɗo, kuma in da hali ku kauce wa watannin Mayu da Yuni, lokacin da ruwan Akra ya fi ƙarfi.