Bitar Na'urar Awon Jini ta Gida: Ta Dace da Yaro Mai Ƙiba?

Na'urar awon jini mai aiki da batir, wadda ake ɗaurawa a damtse, tana da amfani ga iyayen da likita ya shaida musu cewa jinin ɗansu ya fara hawa, amma sai an san inda take gazawa, domin yawancin irinta manya aka ƙera wa.

Babban abin lura shi ne maɗaurin. Ƙa'ida ita ce faɗin jakar iskar da ke cikinsa ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na kewayen damtse. Idan ya yi ƙanƙanta, na'urar za ta nuna awo sama da na gaskiya, ta tayar wa iyaye hankali a banza, kuma wannan ya fi faruwa ga yaro mai ƙiba, wanda sau da yawa damtsensa ya wuce maɗaurin yara, sai na manya. Irin da ake ɗaurawa a wuyan hannu kuwa ban ba da shawarar saye ba.

Alamar kore da ja da ke fuskar wasu na'urorin ma bisa ma'aunin manya aka tsara ta. A ƙa'idar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta 2017, daga shekara 13 ne ake ɗaukar 130/80 a matsayin hawan jini. Ƙasa da shekara 13 sai an duba shekaru da jinsi da tsawon yaro, kuma wannan aikin likita ne.

Inda na fi yaba mata shi ne ajiye sakamakon awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17, tare da rage gishiri da sukari. Amfanin waɗannan ga zuciya ba ya bayyana cikin mako guda, shi ya sa iyali kan gaji su koma gidan jiya. Idan ana auna yaro a lokaci ɗaya, yana zaune ya jingina bayansa, bayan ya huta kamar minti biyar, jerin awon watanni zai nuna ko jinin na sauka, abin da ke rage wa zuciya nauyin da kan sa bangonta kauri.

Kafin a dogara da na'urar, a kai ta asibiti a gwada awonta da na likita, kuma kada a rage ko a dakatar da magani bisa abin da ta nuna.