Kyamarar 0.5 a waya: gwanar rana ce, amma dare ba nata ba ne

Mai neman waya don ɗaukar bidiyo ya daina ƙirga idanun da ke bayanta, ya tambayi abin da kowanne ke iyawa. Tawa mai matsakaicin kuɗi ce. Babban idonta megafiksel 50 ne, mai faɗin kuma, wanda ake shiga da taɓa 0.5, megafiksel 8. Ina ɗaukar bidiyon gonaki da bukukuwa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kuma a wannan aikin na san halin mai faɗin.

Da rana, a fili, ba ni da abin cewa sai yabo. Tana kwaso kusan digiri 120, don haka idan na tsaya a gefen fadamar shinkafa, gona da injin ban ruwa da masu dashe duk suna shiga hoto ɗaya, ba sai na yi ta juya hannu ba. Manomin da ke son nuna wa ɗan'uwansa a Legas girman abin da ya noma, wannan ce kyamararsa. A kogin Matan Fada na Argungu, inda ake bikin kamun kifi, na ɗauki masunta da gorunansu da homa daga cikin kwalekwale, bidiyon kuma ya fito a natse duk da ruwa na kaɗa mu. Dalili shi ne, gwargwadon faɗin hoto, gwargwadon yadda rawar hannu ke ɓuya. Wannan kaɗai ya sa nake ƙaunarta, domin ba kowa ke da kuɗin na'urar riƙe waya ba.

Matsalar tana farawa ne bayan magariba. Ƙofar hasken mai faɗin f/2.2 ce, ta babban ido f/1.8 (gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar ƙofar), sensarta kuma, wato abin da ke karɓar hasken a ciki, ƙarama ce, saboda haka hasken da take samu bai kai ba. A wajen kamu da dare, ƙarƙashin ƙwan sola, fuskoki sun yi dishi-dishi, adon leshin amarya ya narke, baƙin wuri ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi. Abin ya dame ni ƙwarai, don biki ba a maimaita shi. Tun daga nan, da rana ta faɗi sai in koma 1x, wato babban ido.

Akwai kuma miƙewar gefe. Wanda ya tsaya a ƙarshen hoto sai kansa ya yi tsawo, kafaɗarsa ta baje. A bidiyon gona babu mai lura, amma dattijo ba zai so ya ga kansa haka ba. A sa mutane a tsakiya, a ɗan ja baya. Ba ta kuma kama abu na kusa sosai, ba za ta nuna maka ƙwayar shinkafa a tafin hannu da kyau ba. A tawa, wajen ingancin bidiyo, 1080p ce iyakarta, alhali babban ido yana kai 4K da ya fi shi, kuma idan na sauya ido ana cikin ɗauka, launi kan ɗan canza.

Lokacin hunturu a riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi, ƙura kaɗan ta isa ta dusar da hoton. Wajen turawa a WhatsApp kuma a aika shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi, ɗan kyan da ya rage ya tafi. Kafin ka biya kuɗin waya, ka ce wa mai shago ya bar ka ka gwada 0.5 a can cikin shagon inda haske bai kai ba, ka kuma buɗe bidiyon ka duba gefe-gefensa.