Zama ko tafiya bayan an sayar da kamfanin jarida

Idan aka sayar da kamfanin jarida, ma'aikaci ko dai ya zauna, ko ya tattara nasa ya nasa.

Mai zama yana da albashi a ƙarshen wata, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai sabon mai kamfani yakan fara da neman inda zai rage kashe kuɗi, musamman idan da bashi ya saya. Sai a sallami abokan aikinka, aikinsu ya dawo kanka, editan da ke tsaya maka ya tafi, a koma auna labarinka da yawan masu dannawa.

Tafiya kuwa ta fi yi wa mai suna sauƙi. A 2019, bayan kamfanin zuba jari na Great Hill Partners ya sayi Deadspin, wani shafin intanet na labaran wasanni da wasu batutuwa a Amurka, an umarci marubutan su tsaya kan wasanni kawai. Suka ajiye aiki, a 2020 da yawansu suka kafa sabon shafi mai suna Defector, mallakin ma'aikata, masu karatu na biyan kuɗi. To amma su jama'a ta san sunansu, ta bi su. Mai tace rubutu ba shi da wannan gatan; a ganina gara ya zauna, yana laluben wani aikin a hankali.