Talabijin mai 4K a karkara: auna ɗakinka da batirinka kafin ka biya

Da zarar an gama girbi, an sayar da riɗi ko shinkafa, kuɗi sun ɗan kwanta a aljihu, magidanta da yawa sukan fara tunanin canza talabijin. Ka shiga kasuwar Sabon Gari a Kano, ko shagunan kayan wuta na Dutse da Haɗejiya, za ka tarar da manyan alluna jere a bango, kowanne da tambarin 4K ko UHD, ana nuna tsuntsaye da furanni kamar ka kai hannu ka taɓa. Wannan hoton na talla ne, an ɗauke shi musamman don ya ja ido, kuma daga filash yake fitowa ko daga cikin talabijin ɗin kansa. Ba shi za ka gani ba ranar da ka kai shi gida ka jona da risibarka.

Hoton talabijin ƙananan ɗigo ne aka jera. Mai 4K yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, jimilla sama da miliyan 8. Wanda ake kira Full HD yana da 1920 da 1080, miliyan 2 da ɗan ɗoriya. Yawancin masu inci 32 da ke gidajenmu kuwa 1366 da 768 ne. Amma allo ba ya ƙirƙiro abin da ba a aiko masa ba. Tashar da ke zuwa a tsohon ma'auni na 720 da 576, ɗigonta bai kai rabin miliyan ba, don haka idan ta hau allon 4K sai an miƙe kowane ɗigo ɗaya ya cike gurbin ashirin. Talabijin mai tsada yana da injin da ke iya wannan miƙewar da dabara. Mai araha kuwa sai ka ga fuskar mai karanta labarai ta yi damɓa-damɓa, rubutun ƙasan allo ya yi gemu. Shi ya sa wasu ke cewa tsohon nasu ya fi sabon fitar da hoto, kuma ba ƙarya suke yi ba: ƙaramin allo yana rufa wa tasha asiri, babba yana tona mata.

To me ake kallo a gidajen Bichi, Gwarzo, Ringim ko Birnin Kudu? Tashoshin kyauta na dish, da GOtv, da StarTimes, da NTA da ARTV ta eriya. Waɗannan ba sa zuwa da 4K, mafi yawansu ma ba su kai HD ba. Tashoshin ƙwallo na DStv da ake gani a HD, 1080 ne iyakarsu. Sai fina-finan Hausa da fassarar Indiya da ake turowa a memori, waɗanda masu turawa ke matse su zuwa ɗigo 360 ko 480 a tsaye don waya ta ɗauka, memori ya ci da yawa. Irin wannan fim ɗin a allo mai inci 55, gara ma a kalle shi a waya.

Ko da hoton na 4K ne na gaskiya, ido ma yana da iyaka. Mai lafiyar ido yana daina bambance 1080 da 4K idan ya wuce wata tazara, kuma tazarar gajera ce. Ga inci 43, wajen mita 1.7 ne. Ga inci 55, wajen mita 2.2, wato taku uku na babban mutum. Ga inci 65, wajen mita 2.6. Ka tashi ka auna daga bangon da za a kafa shi zuwa inda ake shimfiɗa tabarma ko inda kujerun suke. Idan ka samu mita uku ko fiye, ƙarin ɗigon nan miliyan shida da ka biya kuɗinsu ba za su iso idonka ba. A tsakar gida ko rumfar ƙofar gida, inda ake fito da talabijin da daddare lokacin zafi, ba a ma maganar.

Masu gidan kallon ƙwallo su ne aka fi ruɗa da wannan tambarin. Benci na farko ne kaɗai ke cikin tazarar da aka ambata, kuma ko su 1080 dikoda ke ba su. Abin da gidan kallo ke buƙata girman allo ne, da haske, da allon da launinsa ba ya kodewa idan an kalle shi daga gefe. Gilashi iri biyu aka fi samu: VA, wanda baƙinsa ya fi zurfi amma yana yin fari-fari ga na gefe, da IPS, wanda ya fi riƙe launi ga mutanen da ke zaune a kusurwa. Ga ɗaki mai faɗi da benci har jikin bango, IPS ya fi. Ba sai ka tambayi mai shago ba, ka matsa gefe sosai ka kalli fuskar mutum a allon, idan ta koɗe ka san irin da kake gani. Sau da yawa alluna biyu matsakaita, ɗaya a gaba ɗaya a tsakiyar ɗaki, sun fi ƙato guda ɗaya amfani, kuma idan ɗaya ya tsaya ranar babban wasa ba a mayar wa mutane kuɗinsu.

Maganar wuta ita ce ta fi komai nauyi a karkara, kuma ita ce ba a yi a shago. Mai inci 32 yakan ci tsakanin wat 30 zuwa 50. Mai inci 55 na 4K yakan kai 100 zuwa 150, gwargwadon hasken da aka saita. Ka duba takardar da ke manne a bayansa, an rubuta. Yanzu ɗauki gidan da ke da batir ɗaya na sola, mai bolt 12 da am 100. A lissafi yana ɗauke da wat 1200 na awa ɗaya, amma batir na ruwa ko na jel bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba in ana so ya daɗe, saura 600. Inbata ma tana cin nata, a ce saura 500. Ƙaramin talabijin mai wat 45 da risiba mai 15 za su yi awa takwas. Babban mai wat 120 da risibar nan ba za su cika awa huɗu ba, kuma ba a sa fanka da ƙwan fitila da cajin wayoyi a lissafin ba. Wanda ya kunna bayan magariba, kafin ƙarfe goma inbata ta fara kuka. Daga nan sai a riƙa matsa wa batir har ƙasa kullum, cikin 'yan watanni ya daina riƙe caji. Saboda haka kuɗin babban talabijin ba na kwalinsa ba ne kawai, a haɗa da ƙarin batir da ƙarin faifan sola. Ƙaramin janareta yana ɗaukarsa ba matsala ta fuskar ƙarfi, sai dai wutarsa na hawa da sauka, musamman lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana shaƙewa. A kashe talabijin kafin a kashe inji, a kuma bar inji ya daidaita kafin a kunna.

Ga gidan da sola ce kaɗai wutarsa, akwai talabijin masu aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, inci 24 ko 32, ba sa buƙatar inbata. Ba 4K ba ne, amma suna kaiwa har a gama kallo.

Hoton 4K na gaskiya yawanci ta intanet yake zuwa. Netflix na neman gudun megabit 15 a daƙiƙa, kuma awa ɗaya na iya cin giga 7. YouTube na ba da shawarar megabit 20. MTN ta kawo 5G birnin Kano tun 2022, amma a ƙauye 4G ne in an yi sa'a, mai ƙarfi da asuba, mai rarrafe bayan isha'i. Akwai kuma tarko: idan ka jona talabijin da intanet ɗin wayarka, YouTube da kansa zai zaɓi ma'auni mafi girma da layin zai iya ja, data ta wata guda ta tafi a dare biyu. A shiga saitin bidiyon a mayar da shi 720 ko 1080.

HDR da ake rubutawa a kwali shi ne ya fi 4K tasiri a ido, domin yana ƙara bambanci tsakanin haske da duhu. Sai dai masu araha ba su da hasken da za su nuna shi, suna karɓar saƙon ne kawai, wani lokaci ma hoton ya fi duhu. Kada a ƙara ko sisi saboda waɗannan haruffa uku.

Duk da haka, akwai wata gaskiya da ke sauƙaƙa zaɓi. Daga inci 50 zuwa sama, kusan duk sabon talabijin na sanannun kamfanoni 4K ne, ko kana so ko ba ka so. To idan ɗakinka babba ne, iyali da yawa, wutarka za ta ɗauka, saya don girman, 4K ɗin gyara ce aka ɗora maka. Haka wanda ke da intanet mai ƙarfi, ko mai wasan PlayStation 5, ko mai ɗaukar bidiyon biki da kyamarar 4K da ke son duba aikinsa, waɗannan za su ga abin da suka biya. Amma wanda ke da inci 32 ko 43 mai lafiya, yana kallon dish da memori daga taku huɗu, bai kamata ya taɓa shi ba. Kuɗin sun fi amfani a batir mai kyau, ko risibar HD, ko ma igiyar HDMI kawai. Gidaje da yawa har yanzu da igiyar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, suke haɗa risiba, ita kuwa ba ta wuce tsohon ma'auni komai kyan tashar. Canza ta kaɗai, tare da saita risiba a 1080, yana gyara hoto fiye da yadda ake zato.

Idan ka yanke shawarar saye, je da filash ɗinka. Sa masa abu uku: guntun bidiyon 4K na gaskiya, da irin fim ɗin da ake tura maka, da hoton fari fat da na baƙi wuluk. Filash ɗin ya kasance an yi masa fomat a tsarin exFAT ko NTFS, domin tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. Bidiyon 4K zai nuna ko talabijin na karanta H.265, wato tsarin da aka fi matse bidiyon 4K da shi, ba tare da sarƙewa ba. Fim ɗin memori zai nuna maka abin da za ka riƙa gani kullum. Fari da baƙi suna fito da mataccen ɗigo da tabon haske a gefuna. Ka nemi a haɗa maka shi da risiba ka ga tasha ta yau da kullum. Ka gwada lambar samfurin da ke kwali da ta bayan talabijin da wadda ke cikin saiti, dukkansu su zo ɗaya, domin akwai na jabu da ake liƙa wa sunan babban kamfani da tambarin 4K alhali gilashin 1080 ne ko ƙasa. Auna allon da tef daga kusurwa zuwa kusurwa: inci 55 santimita 140 ne, inci 43 kuma 109. Ramin HDMI ya zama 2.0 ko sama. In dish na kyauta kake kallo, nemi mai DVB-S2, wato mai risibar dish a cikinsa, ka huta da risiba da wutar da take ci. Rasit da katin garanti su ɗauki lambar jikin talabijin, kuma ka tambayi inda ake kai shi in ya samu matsala, domin daga Gumel ko Tudun Wada zuwa Kano da allo mai inci 55 ba ƙaramar tafiya ba ce.

A tsaye ake ɗaukarsa, cikin kwalinsa da soso. Kwantar da shi a bayan mota ko a saman kaya kan hanya mai gargada shi ke tsaga gilashi, gilashi kuwa in ya fashe kuɗinsa ya kusa na sabon talabijin, garanti ma ba ya ɗauka. Bangon bulo na siminti yana riƙe ƙarfen ratayewa da kusoshi huɗu. Bangon ƙasa ba ya riƙewa, kusa tana sassautawa a hankali har wata rana a ji ƙara. A ginin ƙasa a ɗora shi kan tebur mai faɗi, a ɗaure bayansa, kuma a auna tebur tun kafin a sayo, don ƙafafun manyan talabijin suna can gefe da gefe.

Cutar da ta fi kama waɗannan alluna ita ce mutuwar fitilun baya: murya na fita, allo baƙi. Haska tocila a jikin gilashin, in ka hango inuwar hoto to fitilun ne, kuma masu gyara na canza su. Zafi ne ke kashe su. Daga shago talabijin yakan zo a saitin talla, haske a ƙure, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga rufin kwano ba silin. Ranar farko a mayar da shi saitin gida, a rage hasken baya zuwa rabi ko kashi 60, hakan na rage cin wuta ma. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura daga ramukan iska da busasshen burushi, a rufe shi da ƙyalle in an kashe, amma ba yana aiki ba. Kada a fesa ruwa a gilashin, yana gangarawa ƙasa ya ci siraran wayoyin da ke gindin allo, sai layuka su fito a tsaye, waɗanda ba kasafai suke gyaruwa ba.

Inda ake samun wutar NEPA, a sa masa abin kariya mai jinkirta kunnawa na 'yan mintuna bayan an kawo wuta, in kuma wutar garin mai rauni ce a ƙara da sitabilaiza mai 1000VA. Da damina, da an ga hadari ya haɗo, cire fulogi kaɗai bai isa ba. Tsawa ta fi shigowa ta wayar dish, ta bi risiba, ta bi igiyar HDMI ta ƙone ƙwaƙwalwar talabijin, don haka a kwance wayar dish daga bayan risiba ita ma.