Shekara ɗaya da injin cika tukunyar nutso a soron gidanmu

Tun da na kawo injin nan gida, kusan duk wanda ya gani tambayarsa ɗaya: to kai da kake Kano, ina tekun? Teku dai babu, amma akwai Tiga, akwai Challawa, akwai Watari ta Bagwai, ga kududdufai da rijiyoyi ba iyaka. A Fatakwal na koyi nutso, da na dawo gida kuma na ci gaba da ɗan abin da ya samu: share bakin bututun injin ban-ruwa idan ciyawa ta toshe shi, ciro famfon da igiyarsa ta tsinke a rijiya, wani lokacin kuma irin kiran da ba wanda yake fatan a yi masa. Tukwanen iska huɗu gare ni, kuma a da sai na aika su Legas a cika, su yi sati biyu ko uku a hanya. Ranar da kwale-kwale ya kife a Bagwai, ƙarshen Nuwamba 2021, ko ɗaya ba ni da ita a hannu. Ina zaune ina jin labari a rediyo. Daga nan na fara tarin kuɗi.

Masu harkar sun san Bauer na Jamus da Coltri na Italiya, amma sabonsu sai mai hannu da shuni. Nawa ba ɗayansu ba ne, ɗan gwanjo ne mai irin ƙirarsu: fistin uku masu miƙa wa juna iska hawa-hawa, motar lantarki mai kilowat 2.2, yana ba da lita 100 a minti. Mutum biyu ke ɗaga shi. Mai facin bakin layinmu da ya ji abin da na kashe sai ya riƙe baki, ya ce, "Haba Oga, ai da ka kawo na hura maka." Injinsa a wajen bar 8 ko 10 na ma'aunin matsin iska yake tsayawa, tukunyar nutso kuwa sai ta haura 200. Ko da zai kai, iskarsa duk mai ce, taya kaɗai za ta iya shanta.

Wajen aikinsa ba ni da ta cewa. Tukunyar alminiyon mai lita 11 tana ɗaukar iska kusan lita 2,300 idan ta kai bar 207. A takarda minti 23 ke nan, nawa yana cin kusan rabin awa, kuma ban ga laifinsa ba tunda ya sha jiki kafin ya zo hannuna. Ƙararsa kamar ta injin markaɗe. Lantarki ne ya fara ba ni ciwon kai: duk na kunna sai bireka ta faɗi, sai da na ja masa waya mai kauri tasa shi kaɗai daga mita. Idan wutar ta zo ba ƙarfi, gurnani kawai motar take yi, in ka bar ta a haka ƙonewa za ta yi.

Abin da ya kusa cutar da ni kuwa ba a jikin injin yake ba. Injin ba ya ƙirƙirar iska, wadda ya samu a gabansa ita yake dannawa cikin tukunya. A lungunmu da magariba kowane gida janareto ne, na maƙwabcina kuma a jikin katangar soronmu yake ajiye shi. Wata rana na cika tukwane biyu bayan isha'i, da safe na kara 'yar na'urar auna kabon monoksayid, gubar da ke cikin hayaƙin janareto, a bakin bawul, don al'ada kawai, sai na ga ta nuna kashi 11 cikin miliyan. Ƙa'idar Turai ta iskar numfashi, EN 12021, ba ta yarda ya wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Na shinshina, ba wari, ba kala, iskar har da ɗan sanyinta. Gubar nan tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin take kamawa sau sama da 200, kuma a zurfin mita 20 matsi ya ninka na tudu sau uku, don haka kowane numfashi kana zuƙar ninki uku na abin da za ka zuƙa a tudu. Na buɗe bawul ɗin duka biyun na zauna ina jin aikin awa guda yana fita a banza.

Da yamma na je wajen maƙwabcin nawa na durƙusa na gaida shi. Na ce, "Baba, alfarma na zo nema a kan janareton nan." Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yanzu ɗan nan hayaƙina kake ɗurawa a kwalba ka shiga ruwa da shi?" Ya sa yaransa suka mayar da shi ɗaya ɓangaren. Allah ya saka masa. Duk da haka na sa wa mazuƙar iskar tiyo mai faɗi, na ɗaure shi a gora ya haura saman kwano, kuma na daina ciko da dare ɗungurungum. Yanzu bayan sallar asuba nake yi, unguwa ta yi tsit, in gama kafin mai ƙosai ta hura icenta. In babu wuta, nawa janareton a can bayan gida nake ajiye shi da doguwar waya, bayan na duba inda iska take kaɗawa.

Sai matatar iska, inda kuɗin gaskiya yake tafiya. Wani ɗan bututu ne da ake zurawa cikin injin, a ciki akwai fararen ƙwayoyi masu shanye laima, da gawayi na musamman mai kama mai da wari, wasu kuma da sinadarin hofkalait da ke mayar da kabon monoksayid ya zama kabon dayoksayid. Awannin da aka rubuta a littafin injin na ƙasar sanyi ne. A zafin digiri 20 iskar da ta ƙoshi da laima tana riƙe ruwa giram 17 a kowace kubik mita, a digiri 40 kuwa giram 51. Ka san yadda Afrilun Kano yake, balle a ƙarƙashin kwano. Ninki ukun nan a kan matatar yake ƙarewa, ta mutu tun ba ta yi rabin kwananta ba, kuma da laima ta cika ta sauran sinadaran ma sun tashi daga aiki. Na zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari neman ta, wani bawan Allah ya ce in jira, ya dawo mini da matatar ruwan sha. Ta Legas nake sa a kawo, farashinta kuma dala yake bi. Littafi na musamman na ware ina rubuta awa nawa ta yi da zafin ranar.

Ƙorafina a kan injin kansa shi ne ba ya zubar da ruwansa da kansa. Duk minti 15 sai ka murɗa 'yan famfunan ƙasa, ya feso wani farin ruwa kamar tsinkakken koko, ruwa ne da mai suka gauraya. Ba dama ka kunna ka shiga ciki karin kumallo. Da damina ruwan har mamaki yake ba ni. Da hunturu kuma injin yana jin daɗin sanyin, amma matatar bakin mazuƙa kwana kaɗan ta koma ja da ƙura. Mansa ma na musamman ne, kada wani bakanike ya ce maka baƙin man mota zai yi. Idan kan fistin ya yi zafi fiye da kima man da kansa yana ƙonewa ya ba da gubar da kake gudu daga waje, shi ya sa nake hutar da shi bayan kowace tukunya biyu.

Lokacin ciko ba yaron da yake shiga soro, wannan dokar uwargida ce ta kafa tun kafin ni. Tukunya kuma sai na ga tambarin gwajinta a wuya: leƙen ciki duk shekara, gwajin matsin ruwa duk shekara 5. Akwai wanda ya zo mini da tukunyar gas ta girki wai in cika masa zai shiga rijiya, har ya yi fushi da na ƙi.

Wanda yake nutso sau biyu a shekara don nishaɗi, kada ya saya, wahalar ta fi ribar. Ni da ake bugo wa waya a ce yanzu-yanzu, da zan koma baya zan sake saya, sai dai zan haɗa da matata goma a kwali ɗaya tun ranar farko. Yanzu saura biyu a ledarsu ban fasa ba, ga Maris ya kawo kai. Jiya na tura kuɗin wasu huɗu, an ce sai kaya sun iso.