Kilishin Baba a Ngaundere: kasuwa ta buɗe, hannu ya sauya

Shekara shida ke nan ba na hawa jirgin ƙasa zuwa Yawunde sai na biya wurin wani dattijo mai kilishi a nan Ngaundere, ƙasar Kamaru. Sanda na san shi rumfa ɗaya gare shi da yara biyu. Da kansa yake zaɓo cinyar saniya, ya cire kitse da jijiya, ya yanka falle-falle har kana hango haske ta jikin naman. A shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sannan a kai wuta. Labunsa tunkuza ce ta gaske da citta, kanumfari, masoro da albasa. Na taɓa ajiye kilishinsa wata guda, ko ɗanɗano bai canja ba.

Sai Allah ya buɗa masa. Ɗansa ya sa hotuna a Facebook, 'yan Duwala da Garwa suna turo kuɗi ta Orange Money, ana ɗora musu kaya a mota. Rumfa ta zama uku. Wallahi na yi murna, don matasa da dama yanzu a nan suke samun na abinci.

A watan Agusta na sayi na jaka goma, tsarabar surukaina. Da aka buɗe, yankan ya yi kauri, jijiya na maƙale wa mutum a haƙori, labu ya yi yawa har ya danne naman, ga zaƙin sukari. Kwana huɗu ya fara fumfuna. Na ji kunya ƙwarai.

Ban ce ha'inci ba ne, gaggawa ce. Damina a Ngaundere doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba, rana ba ta samuwa yadda ake so, mai oda kuwa ba ruwansa da hadari. Sai a kwashe nama bai gama bushewa ba a ƙarasa shi da wuta, waje ya ƙame, ciki da danshi. Ga sababbin yara da aka miƙa wa wuƙa tun hannunsu bai faɗa ba. Rumfa ana kafa ta a yini ɗaya, amma yankan kilishi sai an daɗe a gindin mai koyarwa.

Da na dawo na same shi na ce, "Baba, ku yi haƙuri, wannan ba hannunku ba ne." Ya karya guntu ya duba, ya yi shiru, ya sa aka auno mini wani. Bai yi musu ba, shi ya sa ban bar shi ba. Na roƙe shi ya rage karɓar oda da damina, ko da ciniki zai ragu.

Mai son saye ya je tsohuwar rumfar, inda Baba ke zama. Ya ce a karya masa falle ɗaya a gabansa. In ya lanƙwashe bai karye ba, kada ya yi doguwar tafiya da shi.