Sitent mai magani: ƙarfen ya yi, bayanin sallama ne bai yi ba

Sitent mai magani, wato 'yar ragar ƙarfen da ake zurawa cikin jijiyar zuciyar da ta toshe, aikinta sai sam barka. Ta da, wadda ba a shafa wa magani ba, a cikin mutum 10 sai 2 ko 3 jijiyarsu ta sake tsukewa kafin shekara. Ta yanzu, irin Xience wadda aka shafa wa maganin everolimus, abin ba ya kai 1 cikin 10. Akwai dattawa a nan Gombe da suka shekara bakwai, takwas da ita, suna tafiya masallaci da ƙafarsu ba haki.

Amma abin da ya sami wani bawan Allah ya ƙona min rai. An sa masa sitent a ƙasar waje, ya dawo garau. Wata huɗu da dawowa haƙori ya dame shi, inda ya je cirewa aka ce ya ajiye magungunan tsinka jini na mako guda. Ya ajiye duka biyun, aspirin da clopidogrel. Ba a cika kwana goma ba ƙirji ya riƙe shi da asuba, gumi na zuba. Jini ne ya daskare a cikin ragar. An ceto shi, amma wani sashe na zuciyar ya riga ya mutu.

Dalili kuwa, maganin da ke jikin ƙarfen yana hana nama tofowa ya toshe hanya, shi ne kuma yake jinkirta fatar cikin jijiya ta rufe ƙarfen. Muddin ƙarfe na tsirara, jini zai nemi kama shi. Shi ya sa ake haɗa aspirin 75mg da clopidogrel 75mg kullum, wata 6 ga mai ciwon ƙirji kawai, wata 12 ga wanda ya sami bugun zuciya, sannan a ci gaba da guda ɗaya har iya rayuwa. Cire haƙori galibi ba ya buƙatar a tsayar da su. Wa ya zaunar da shi ya faɗa masa wannan da Hausa? Takarda aka miƙa masa da Turanci.

Don Allah, masu sitent, duk wanda ya ce ku tsayar da magungunan nan, ku fara kiran likitan zuciya. Ku guji diclofenac da ibuprofen na kemis, da ƙaho wajen wanzami, saboda zubar jini. Mai gyambon ciki ya nemi pantoprazole, domin omeprazole na rage ƙarfin clopidogrel. Da azumi a sha aspirin da clopidogrel lokacin buɗa baki, kada a tsallake.

Har yanzu ina yaba sitent ɗin, amma ba kamar yadda ake zuzuta ta ba. Santimita biyu ko uku take gyarawa, sauran jijiyar na nan da kitsenta. Wanda ya bar atorvastatin, maganin rage kitsen jini, ya koma taba, sabon toshewa na jiransa, wani lokacin ma a cikin ragar kanta bayan shekaru.